Cittar da Baba Ya Fesa wa Sineli

Alotau, Laraba

Yaya Doreka,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin naki bayan haihuwa, ya jaririn, ya maigidanki? Ina fata kuna lafiya. Mai jirgin kwakwa zan ba wannan takarda, ki karanta ke kaɗai.

Muna asibiti da 'yata Sineli.

Kin tuna ɗan bororon da ya fito mata a tsakiyar leɓen sama tana 'yar sati ɗaya? Ba ya damunta, nono take sha har ta yi gyatsa. Amma matata Meleni ta tsorata, ɗiyar fari ce, sai muka kira Baba. Ya tauna citta ya fesa mata a baki da fuska kamar yadda ya yi mana duka. Har da tsokana, wai "'yar nan da bakin ubanta ta zo, Allah ya sa ba da surutunsa ba."

Bayan 'yan kwanaki wasu ƙuraje suka fito, ƙanana, a cunkushe, cike da ruwa. Jiki ya yi zafi, ta ƙi nono, ko kuka ba ta yi. Muka hau kwalekwale mai inji daga tsibiri zuwa asibitin Alotau.

Nas ɗin ta ce bororon farko ba ciwo ba ne, tsotson nono ke kawo shi, da kansa yake bajewa. Na biyun shi ne mai kisa ga jariri. Ta tambaya ko wani mai ƙurji a leɓe ya sumbace ta. Meleni ta ce babu. Ni kuwa sai na tuna, ina riƙe da yarinyar ranar fesawar, na ga gefen bakin Baba. Ƙurjin nan ne da yake fito masa in ya sha rana a teku, wanda yake cewa garin ƙwanson da yake tauna goron buai da shi ne ya ƙona shi. Nas ta ce ba ƙuna ba ce, ƙwayar cuta ce, ta yawu take bi.

Yaya, lafiyayyar yarinya muka miƙa.

Na san Lahadi Baba zai zo ya fesa wa naki. Kada ki bari. Ki ce ni na hana, fushin ya sauka a kaina.

Ƙaninki,
Lasaro

Alotau, Talata

Yaya Doreka,

Ina gaishe ki da mutan gida. Sineli ta kama nono jiya. Maganin ta jijiya ake ba ta, za mu daɗe, likita ya ce sai an ci gaba da dubawa.

Ashe gaba ɗaya kika karanta wa Baba takardar! Da safe na gan shi a ƙofar asibiti, mutumin da bai taɓa barin tsibiri don ciwon kowa ba. Na shirya shan zagi. Sai ya ce, "Kai mai idon shaho, ka gani ranar ka yi shiru?" Na ce ban san me na gani ba.

Na ce ya shigo, nas ta yarda tunda ƙurjin ya warke. Ya ƙi. Ta taga ya leƙa Sineli, hannunsa a kan bakinsa. Da zai tafi ya ciro cittar daga jakarsa ya ba Meleni, ya ce ta sa a romon kifi, aikin citta ke nan yanzu.

Ki gaishe da jaririn. Ki sumbace shi a ƙafa.

Naki,
Lasaro