Rigar Sanyin da Aka Ba Ni a Lima

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan ƙasa ta yi miki sauƙi. Shekara uku ke nan da rasuwarki, har yanzu ke nake fara gaya wa magana.

Mun dawo unguwarmu Sri Petaling, nan Kuala Lumpur, shekaranjiya daga Lima, babban birnin Peru. Abba ya ce taron malamansu kwana biyu ne, sauran kwanakin yawon buɗe ido za mu yi, ni da shi kaɗai.

Garin a kan tudu yake, teku na can ƙasa. Rana ba ta fitowa, ruwa kuma ba ya sauka, sai hazo da sanyi. Ni da na saba da zafin Kuala Lumpur, doguwar riga da mayafi kawai na ɗauko.

Rana ta uku ya kai ni wani lambu a bakin teku, inda aka kafa mutum-mutumin masoya biyu rungume da juna. Na sunkuyar da kai don kunya. Da na ɗago, sai ga Anti Rabi. Kin san ta, wadda take digiri na uku a unguwar Wangsa Maju ta nan garinmu, ta zo ta'aziyyarki da kular waina.

Abba ya yi mamaki, ita ma ta yi mamaki. Umma, mamakin nan ya yi yawa. Na karanta littattafan soyayyar da kika sha ƙwace min, na san yadda ake haɗuwa "kwatsam". Abba da ba ya shafa turare sai Juma'a, ran nan Talata ce amma yana ta ƙamshi.

Ina rawar ɗari, sai ta buɗe jaka ta ciro rigar sanyi. Ruwan hoda ce, daidai ni har tsawon hannu, takardar wani kanti na unguwar Cheras ta Kuala Lumpur na maƙale a wuya. Wa yake ƙetare duniya da rigar da ba za ta shige shi ba?

Da aka kawo mana ɗanyen kifinsu mai lemon tsami na kasa ci, ta fito da yaji ta barbaɗa min a dankali. Kofunan filas ɗinta uku ne. Na ƙirga.

Kin sha cewa in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Ki yafe min, na san ba kwatancen da ya dace da babba ba ne. Amma anya tafiyar nan don ni aka yi ta? Ko ni ce aka kai a gwada?

Ga abin da ya fi damuna. Ba ta ce in kira ta da wani suna ba. Da muka tsaya kallon teku na tuna ki hawaye suka zubo, matsawa gefe ta yi ta ƙyale ni. Na so in tsane ta, Umma, na kasa.

Abba ya ce yana da magana da ni bayan sallar Juma'a. Na san maganar. Tsorona kada in ce to, ya zama na ba da wurinki. In na ce a'a kuma, zai ci gaba da cin abinci a tsaye a kicin kamar yadda yake yi tun da kika tafi.

Ina jin to zan ce. Amma sai ya fara gaya min gaskiya da bakinsa, tun yaushe suke tare da Anti Rabi.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa kada ki yi fushi da ni.

Taki har kullum,
Ummi