A Buɗe Mana Rijiyar Unguwa

Zuwa ga Bappa Alhaji Hamidu, Kansilan unguwarmu, Jimeta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ce Asta, 'yar Malam Sani maɗinki, wadda ka koya wa karatu a zaurenka. Ka san ban iya ɗaga ido a gaban manya ba. Na zo ƙofarka, masinja ya ce sai wanda aka kira. Shi ya sa na rubuta a inda za ka gani, jama'a ma su gani.

Na farko. Rijiyar da ke gefen gidanka ta unguwa ce. Da gayya aka haƙa ta shekarar da aka samu 'yancin kai, kai ne ma ka tara mutane. Ina ƙarama, amma na tuna kunun da Inna ta dama wa masu aiki. Duk rani Baba ke ɗaura igiya ya shiga yasar rijiyar, kai kana baki kana karɓar guga. Da wasu suka ce kada iyalin Malam Yohanna, malamin firamare, su ɗebi ruwan saboda ba musulmi ba ne, kai ka tsaya a ƙofar masallaci ka ce ruwa da wuta da ciyawa Allah ya haɗa mutane a kansu. Suka ci gaba da ɗiban ruwansu.

Na biyu. Da aka yi jihohi aka ba ka kansila, unguwa duka ta yi murna. Mun ce an samu mai tsoron Allah. Da farko ka gyara mana kwata, ka sa aka rufe bakin rijiyar da siminti, ba zan ɓoye wannan ba. Sai bara ka ja katanga don baƙi daga Maiduguri su samu wurin ajiye mota, rijiya ta faɗa ciki. Aka ce ƙofa za ta zauna a buɗe. Daga baya aka ce da safe kawai. Yanzu sai gidan da maigidansu ke zuwa ya tuɓe takalmi ya zauna a fadarka bayan asuba.

Baba ba ya zuwa, amma bai ƙi ka ba. A lokacin yake buɗe shago. Kuma ya ce waɗanda suka ci tuwo a akushi ɗaya, gaisuwar masallaci ta ishe su. Tun daga nan masinja ke juya ni da tuluna.

Na uku. Kogin Binuwai ya yi mana nisa, don haka da damina ruwan kududdufi muka sha. Ƙanena Sa'idu yana kwance da kurkunu a ƙafa biyu. Kullum Inna ke naɗe tsutsar a tsinke kaɗan kaɗan, yana kuka. Ya daina zuwa makaranta. A gidan Malam Yohanna ma akwai masu kwanciya.

Bappa, ban yarda mugu ne kai ba. Ina ganin waɗanda ke zama a fadarka ba sa faɗa maka sai abin da zai yi maka daɗi, kai kuma ka saba. Amma kai ka karantar da mu cewa shugaba makiyayi ne, za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Ranar tambayar nan ba masinja a ƙofa, kuma masu cewa ranka ya daɗe ba za su amsa maka ba.

Roƙona shi ne a fasa katangar ta wajen hanya, a yi wa rijiyar ƙofarta daban, wadda ba mai tsaronta. Ba sai majalisa ta turo lebura ba, mazan unguwa za su yi da hannunsu in ka ce a yi. Sannan a bar Baba ya shiga yasa bana, tun ruwa bai ja baya ba. Kududdufin ya fara ƙafewa, kuma Inna tana da tsohon ciki.

Baba bai san na rubuta wannan ba. In akwai laifi, nawa ne, kada a huce a kansa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka daga masu zuga. Allah ya sa ranar da za ka sauka daga kujerar nan ka sauka da imaninka, da maƙwabtan da za su ɗauki makararka da zuciya ɗaya.

Wassalam.

'Yarka,
Asta Sani, Jimeta.