Kunnen Yaya Usama

Daren Alhamis, unguwar Safa

Littafina na soyayya yana buɗe a kan filo, na kasa karanta ko layi. Yau na tsinci kartar Yaya Usama cikin kwalin da muka taso da shi daga tsohon gidanmu na unguwar Ammariyya.

A saman soron can ya koya mini foka, da ƙwallayen dabino a madadin kuɗi, don Umma ta ce ba a caca a gidanta. Yaya yakan ce mini, "Ya binti, in kartarki ba kyau ki ajiye, ko ki dake kamar kina riƙe da sarakuna huɗu. Mutum ake karantawa." Ni kuwa da na samu mai kyau sai bakina ya suɓuce da "Masha Allah". Sai ya tuntsire da dariya ya ajiye tasa.

Da iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar nan, ta ƙare aka mai da shi Kano, garin iyayenmu da bai taɓa gani ba. Ɗazu ya kira mu ta bidiyo, ya ce wa Umma komai tamam, lafiya lau. Amma yana ta murza kunnensa na hagu. Haka yake yi in hannunsa ba komai.

Ban tona shi ba, na bar shi ya ci. Gobe zan kira shi in Umma ta tafi suƙ yin cefane.