Tagar Ɗakina

Laraba da dare, unguwar PK5

Yau mun toshe tagar ɗakina. Buhun siminti ɗaya ne a gidan, na daɓen ɗakin Inna. Amma jiya harsashin sojojin bore ya shigo ta tagar ya huda akwatin littattafaina, sai Inna ta ce kwana kan turɓaya bai taɓa kashe kowa ba.

Na ce wa Baba, "To a ina zan riƙa karatu, a kabari?"

Ya ce, "Kabarin muke guje maka. Ɗauko bulo."

Na ɗauko. Ni na ɗora bulon ƙarshe. Da azahar na shiga da littafi, sai da na kunna fitila.