Ban Hau Tsanin Ba

Salamu alaikum Anti, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku bari in kai ƙarshe.

Aikina duba sababbin gidaje ne a Dutse, mu ne muke ba da takardar shaidar cewa gida ba ya ɗaukar zafi, ba ya shan wuta. Dole ne mutum ya hau tsani ya leƙa cikin silin, ya ga ko an shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin kwano. Bara aka tura ni gidan wani Alhaji, aminin mahaifina, wanda tun ina yaro nake durƙusa masa. Na jingina tsani ke nan, ƙafata ɗaya a kai, sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ashe maganata ba ta isa ba sai ka leƙa?" Wallahi, yaya zan hau in bar dattijo tsaye kamar na ce maƙaryaci ne? Na ce, "Haba Baba, ni na isa?" Na sauke ƙafata, na sa hannu.

Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato ce ta kama hayar gidan. Mahaifiyarta na da ciwon zuciya, zafi ba ya yi mata, ta tsallake gidaje da yawa ta zaɓi wannan saboda takardata. Da bazara ta kankama sai ta neme ni, ta ce, "Malam, Mama ba ta iya zama a ɗaki, sai gumi da haki. Ko za ka sake duba mana?" Na je, wannan karon na hau. Ba komai a ciki, kwano ne tsirara, hucinsa ya doke ni a fuska. Ina saukowa ta ce, "Yaya?" Kun san abin da bakina ya faɗa? "Lafiya lau yake." Sai ta ce, "To ciwon ne ke ƙaruwa ke nan, sai a ƙara mata magani." Tsohuwar na kwance a tabarma, an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen zane, ta ɗago da ƙyar ta sa mini albarka.

Kunyar kaina nake ji. In na faɗi gaskiya aikina ya tafi, kuma na tozarta aminin babana. In na yi shiru, magani za a yi ta ɗura wa baiwar Allah, alhali rufin ne ke gasa ta, kuma har yanzu ko hadari bai fara haɗuwa ba.

Me zan yi?