Tela a Bakin Teku

Daga wani ƙauyen masunta, gaba da Kribi

Zuwa ga 'yata Jiddah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina, da fatan aikin asibiti yana tafiya daidai. Mun iso lafiya, alhamdu lillahi. Waya ba ta kamawa a nan sai an hau wani tudu kusa da coci, ni kuwa gwiwata ta daina hawan tudu, shi ya sa na ba Mohaman direban motar kifi wannan takarda ya kawo miki gidanki a Cité Verte.

Ban manta da sharaɗin da kika kafa ba, shi ma bai manta ba. Kin ce in tansiyon babanku, wato hawan jininsa, ya sauka kafin mu dawo daga wannan hutu, zai koma shagonsa na ɗinki. In bai sauka ba, makulli ya zama na yayanki Babba, shi kuma ya zauna a gida yana jan carbi. Kin karɓe wayarsa da almakashinsa da tef ɗin awo, kin ba ni na'urar auna jini, kin naɗa ni dogariya. Ina kan aikina.

Ni dai wurin ya yi mini. Tun da aka kawo ni unguwar Briqueterie ina amarya kunnena bai taɓa hutawa ba, daga ƙarar baburan 'yan moto sai injin surfani sai masu tsiren soya suna kiran ciniki. A nan kuwa sai yashi fari da bishiyoyin kwakwa da kwale-kwale a jere. Har kazar maƙwabta a hankali take kuka. Ina barcin rana kamar wadda aka biya ta yi.

Babanku ne abin ya gagara. Ranar farko ya tsaya ya kalli tekun tsawon lokaci, ya ce duk wannan ruwa kuma ba ya shayuwa, ya juya. Ya ce ƙarar igiyar ruwan kamar babbar mota ce tana hawan tudun Tsinga, kullum tana zuwa ba ta isowa. An ba shi doguwar kujera a bakin ruwa, ya zauna da babbar riga da hula, sai ga wasu Turawa biyu sun zo sun kwanta a gabansa da abin da bai kai ƙyallen aljihu ba. Ya yi salati, ya juya kujerar tana kallon bangon masaukinmu. Har yanzu haka take. Mun yi doguwar tafiya zuwa teku, mutumin yana kallon bango.

Abinci kifi ne safe da rana, da rogon nan da suke naɗewa a ganye. An kawo masa ƙaguwa, ya ce shi ba ya cin gizo-gizo ko na ruwa ne. Allah ya sa na zo da yaji.

Abin da ya fi ba ni tausayi, duk wanda ya wuce sai ya auna shi da ido. Wannan wandonsa ya ɗage, wancan an kashe masa kafaɗa, wanda ya ɗinka wa mai unguwa riga bai ji tsoron Allah ba. Yana magana ƙafarsa ta dama tana taka yashi kamar yana kan keken ɗinki. Na auna shi yau da safe, sha takwas, ko ɗigo bai ragu ba. Ya kalli lambar ya kau da kai. Jiddah, yana jin tsoro, ko da yake ba zai taɓa faɗa miki ba.

Ki gaida mutanen gida, ki leƙa Babba a shago.

Mamarki,
Hansai

*

Daga bakin teku

'Yata Jiddah,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya, da fatan tarin ƙaraminku ya yi sauƙi. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan. Lafiyarmu ƙalau, amma an kai babanku gaban mai unguwa.

Duk binciken da kika yi wa jakarsa a banza ne. Kin manta tela ne. Allura tana soke a cikin hularsa, inda take zama tun kafin a haife ki, ni ma ban tuna ba.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne masunci, Papa Ntonga, mutumin kirki, shi ke aiko mana da kifi. Ya shanya tarunsa, wato babbar ragar da suke ja a ruwa, daidai inda babanku ya juya kujera. Akwai wata yagewa a jiki. Babanku ya yini yana kallonta kamar a fatarsa take. Ranar Lahadi duk gari ya tafi coci, ni kuma na ɗan kishingiɗa. Sai ya zaro allura, ya samu zaren da masuntan suka bari a gefe, ya ce bari ya taimaki maƙwabci.

Matsalar ita ce, a wurin babanku duk inda ya ga rami to yagewa ce. Ya rufe wadda ta yage. Sai ya ga ramukan kusa da ita ba su dace da aikinsa ba, ya rufe su. Na kusa da su ma haka. Kafin a taso daga coci ya toshe wuri kamar faɗin tabarma biyu, har ya yi wa bakin ragar kalmasa. Ya dawo ya zauna yana murmushi, ya ci kifi biyu. Ni ina ta godiya ga Allah, na ɗauka iskar teku ce ta fara aiki.

Da asuba masunta suka naɗe taru ba su duba ba. A cikin ruwa sai ya tattare kamar bakin wando an ja mazagi. Ƙarti suna ja suna gumi suna waƙa, sun ɗauka Allah ya kawo babban rabo. Da suka fito da shi, yashi ne fal, da silifa ƙafa ɗaya.

Rabin gari ya rako mu gidan mai unguwa. Kin san Faransancin babanku ba ya wuce lambobin awo, don haka ni na zama tafinta, ina rage wa maganarsa gishiri kafin in miƙa. Na ce yana ba da haƙuri. Abin da ya faɗa kuwa shi ne a nuna masa wuri ɗaya inda ɗinkinsa ya saki. 'Ya'yan Papa Ntonga suka kama wurin, biyu nan biyu can, suka ja har ɗaya ya faɗi zaune, ko zare ɗaya bai tsinke ba. Mai unguwa ya yi dariya har ya share hawaye da hularsa. Hukuncinsa shi ne babanku ya warware aikinsa da hannunsa a gaban jama'a, Papa Ntonga kuma ya koya masa irin ƙullinsu.

Na dafa shinkafa da wake da mai da yaji na kai gidan Papa Ntonga, domin dariya dariya ce, amma mutanen nan sun yi asarar kamun yini guda. Matarsa ta karɓa da kyau. Ranar ban auna babanku ba, na ji tsoron abin da zan gani.

Kada ki gaya wa kowa a unguwa, musamman ƙawata Jaratu. In ta ji, duk unguwar Ekoudou ta ji.

Mamarki,
Hansai

*

Daga bakin teku

Jiddah,

Sallama da gaisuwa. Saƙonki ya iso ta bakin Mohaman, cewa in ƙwace allurar in jefa ta a teku. Na ji. Ba zan yi ba, kuma ga dalilina.

Ranar da yake warware ragar, matan gari sun kewaye shi suna kallo. Ba warwarewar ce ta dame su ba, ɗinkin da ƙarti huɗu suka kasa yagawa suke magana a kai. Matar mai unguwa ce ta fara kawo rigarta. Daga nan sai wandunan masunta, sai rigunan makaranta, sai kayan mawaƙan coci gaba ɗaya. Aka tuna akwai wani tsohon keken ɗinki a gidan malamin cocin, kaji suna kwana a kai. Babanku ya wanke shi, ya zuba masa man kwakwa, ya kafa shi a gindin bishiya. Yanzu Papa Tela suke kiransa.

Yana faɗa da masu kawo ɗinki a yaren da ba sa ji, su ma suna rama masa a wanda ba ya ji, kowa na jin daɗi. Jiya na ji ya ce wa wani ya dawo gobe, alhali na san ko yankawa bai yi ba. Nan na tabbata mijina ya dawo hayyacinsa.

Idonsa ba ya ganin kafar allura sosai, ashe a shago yaran ne ke zura masa zare. A nan ni ce. Ina zaune kusa da shi tun hantsi, ya miƙo ba tare da ya dubo ni ba, in zura in miƙa masa. Kina iya yi mini dariya, amma tun da muka yi aure ban taɓa zama kusa da shi yini guda ba, kuma ina jin daɗin abin ƙwarai.

Na auna shi da safe, sha uku. Na sake aunawa don kada na'urar ta yi mini ƙarya, sha uku. Maganinsa yana sha kullum, gishiri ma na rage. Muna tafe ƙarshen mako in Allah ya yarda, in mawaƙan coci sun sake shi.

Mamarki,
Hansai

*

Briqueterie, Yaoundé

'Yata Jiddah,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya ke da yara. Na san Cité Verte ba nisa, kuma waya tana kamawa, amma in na kira ki katse ni kike yi, takarda kuwa ba a katse ta.

Kin zo ranar da muka dawo, kin auna shi da hannunki, kin yarda ya cika sharaɗin. Abin da ya faru bayan tafiyarki ne ba ki sani ba.

Washegari ya sa farar shaddarsa, ya karɓi makulli, ya nufi shago yana amsa gaisuwa kamar wanda ya dawo daga Makka. Na san abin da yake tsammani. Yana so ya tarar da masu kawo ɗinki a tsaye suna zagi, aiki ya cakuɗe, Babba ya rasa inda zai sa kansa, shi kuma ya zo ya gyara. Sai ya tarar da shago a share, kayan bikin gidan Alhaji Rayyan duk an kai kafin lokaci. Wani ma ya ce masa bai san ya yi tafiya ba. An ce ya ɗauki wata riga ya juya cikinta, ya bi ɗinkin da yatsa daga wuya har ƙasa, ya sake ɗaukar wata. Bai samu komai ba. Ya ajiye makullin a kan teburin Babba, ya ce gajiyar hanya ce, ya dawo gida.

Daga ranar bai sake fita ba sai masallaci. Ya zauna a tsakar gida, ko ƙafar ba ta motsi. Na yi masa tuwon shinkafa da miyar taushe, ya ɗan taɓa ya ture. Lambar ta koma sha bakwai. Na rasa yadda zan yi, har na shiga ɗaki na yi kukana.

Shekaranjiya bayan la'asar sai ga Babba ya shigo da wata babbar riga a hannu, yana sosa ƙeya. Ya durƙusa ya ce wuyan ya karkace masa, ya yi ya yi ya ƙi zama, mai ita kuma yana tafe. Babanku ya karɓa, ya ɗaga ta sama, fuskarsa ta canza.

"Wannan ne aikin da ake yabo? Tashi mu je, kafin ka gama ɓata wa mutane yadi."

Ya sa hula, ya tasa shi gaba. Tun daga ƙofar gida har shago yana faɗa, masu soya suka bar wuta suna kallo. Babba, mai 'ya'ya uku, yana tafe kai a ƙasa yana cewa a yi haƙuri.

Jiddah, yayanki bai taɓa karkata wuyan riga ba ko lokacin da yake koyo. Babanku ne ya koya masa, ya fi kowa sanin haka. Na ga yadda ya dubi yaron kafin ya fara faɗan. Babu wanda ya ce wa wani komai, ni ma ban ce ba, ke ma kada ki ce.

Yanzu makulli yana aljihun Babba, shi ke buɗewa shi ke rufewa. Babanku yana tafiya da hantsi, ya zauna a kekensa na bakin ƙofa, ya yi faɗansa, ya dawo kafin magariba. Jiya ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Ban san me sharaɗinki ya ce a kan irin wannan ba, amma ina roƙonki ki bar su haka. Ki zo ki auna shi duk lokacin da kike so, ki kawo maganinsa, sai dai in ya fara ba ki labarin yadda Babba ya kusa kashe shagon, ki gyaɗa kai ki ce gaskiya ne.

Allah ya yi muku albarka baki ɗaya.

Mamarki mai ƙaunarki,
Hansai