Hannuna Ya Kasa Riƙe Allura

Yaya Sa'adatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da yara da mutanen Limancin Kona. Yaya ƙafar Inna?

Ni dai nan Kumasi alhamdu lillahi. Maganin da likita ya ɗora ni a kai ya yi aiki, bugun zuciyata ya daidaita. Sai dai ya jawo mini rawar hannu. Ni da na tashi ina aikin babbar riga a zauren Baba, yau zare ma ba na iya zura wa allura. Mai shagon ɗinkin da nake wa aiki ya mai da ni wajen guga.

Da haushi ya ishe ni na daina shan maganin ba da sanin likita ba, har na yanke jiki na faɗi a ƙofar masallaci. Likita ya ce, "Sadiƙu, za mu gwada canza maka wani. Amma in ka sake dainawa da kanka, ranka kake wasa da shi."

Don Allah ki ba ɗanki Nura haƙuri, ya kai rigar aurensa wurin wani. Kuma ku daina yi mini barka da warkewa a waya. Kunyar Inna ce kawai take sa ni amsawa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Sadiƙu